Matar da Take Zama a Kan Hannayenta

Da hantsi take fitowa, bayan 'yan makaranta sun gama cika titi da hayaniya, masu shaguna sun fara yayyafa ruwa a bakin ƙofofinsu. Jaka ɗaya ce a kafaɗarta, igiyar ta sha ɗinki, kuma abin da ke ciki ba zai burge ɓarawo ba: ƙaramin matashin kai, tawul, sabulu marar ƙamshi, sai wata 'yar tsana ta tsumma da ta koɗe saboda yawan shiga hannu. Tafiya take yi kamar wadda babu mai jiranta, alhali kowace safiya akwai gidan da ake leƙen ta ta taga. Idan motar haya ta zo a cike sai ta bar ta ta wuce, domin gwiwoyinta sun daina yarda da tsayuwa. Kafin rana ta take, ta shiga gida biyu ko uku, ta sha ruwa a kowanne, ta ƙi cin abinci a kowanne, ta fito da warin madara da hodar jarirai a mayafinta.

Kowa Yaya yake ce mata. Na girme ta nesa ba kusa ba, amma ni ma Yaya nake ce mata, don na gwada wasu sunayen ba su zauna ba.

Aikinta ba shi da gajeren suna a bakinmu. Ungozoma tana karɓar haihuwa, likita yana rubuta magani, nas tana yin allura da awo. Yaya ba ta yin ko ɗaya daga ciki, kuma ita ce ta farko da za ta gaya maka haka. Ta yi karatun rakiyar masu ciki da masu jego tun tana da ƙuruciya. Tana zama da mace idan cikinta ya tsufa, ta riƙe mata hannu a ɗakin haihuwa, sannan idan an sallamo su, 'yan murna sun watse, sai ta bi su gida. A nan ne ainihin aikinta yake, wato zaunar da shayarwa. Mutane suna ɗauka abu ne da yake zuwa da kansa, uwa ta ɗaga riga, yaro ya kama, shi ke nan. Waɗanda suke faɗin haka yawancinsu maza ne, sauran kuma matan da suka manta.

An ce ƙarshen shekarar nan za ta ajiye jakar. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni da ban saba yabon kowa ba. Ranar da matata ta rasu na ji alherinta a bakin mutanen da ba su taɓa ce mata sannu da aiki ba, kowa da jawabinsa mai daɗi, ita kuma tana kwance ba ta jin ko ɗaya. Tun daga ranar na tsani yabon da ake ajiyewa sai mai shi ya daina ji. Yaya tana da rai, kunnuwanta lafiya lau, gwiwa ce kawai ta gaza. To bari ta ji.

Idan shaidu ake nema, layinmu kaɗai ya isa. Telan da ke kan kwana, wanda matarsa ta haifi tagwaye, har yau idan ya fara ba da labarin yadda Yaya ta jera matasan kai ta nuna wa matar yadda za ta sa kowane yaro a ƙarƙashin hammata ɗaya su sha tare, sai ya bar keken ɗinki ya miƙe yana kwatantawa da ƙunshin yadi biyu, mai kaya yana tsaye yana jira. Akwai matar direba da aka yi wa aiki aka ciro ɗan, wadda ta ce Yaya ce ta koya mata shayarwa a kwance ta gefe don kada yaro ya danne ɗinkin. Akwai kuma wata malamar makaranta da likita ya hana ta shayarwa saboda maganin da take sha. Ita ma Yaya ta je mata, ta koya mata dafa kwalba da auna madara, ta kuma zauna a falonta rana guda cur tana amsa wa baƙi tambayar da ba ta shafe su ba. Malamar ta ce mini a duk watannin nan Yaya ce kaɗai ba ta dube ta da tausayi ba, kuma wannan ne ya fi mata komai.

Amma ni abin da na gani da idona zan faɗa.

'Yata tilo ta haifi ɗanta na fari, namiji. Mijinta mai gyaran firji ne, yaro mai ladabi, mai ƙarancin magana, wanda ban taɓa samun abin da zan zarge shi da shi ba duk da na ba abin lokaci. Suna zaune a bene, ɗaki biyu da falo da ɗan siririn kicin. Da aka sallamo ta daga asibiti mata uku suka tare a gidan: yayata, wadda yarinyar ke kira Gwaggo, ƙanwar marigayiya, wadda take kira Anti, sai surukarta, uwar mijin. Kowaccensu ta yi wa kanta alkawari cewa yarinyar nan ba za ta ji rashin uwa ba. Niyya ce mai kyau, kuma ita ce ta kusa kai jikana gadon asibiti.

Ga yadda suka fahimci gata. Mai jego tana buƙatar hutu, saboda haka a ɗauke mata yaro. Da ya sha kaɗan sai a fito da shi falo, ya bi hannu hannu. Idan ya motsa Gwaggo ta jijjiga shi, idan ya yi ƙorafi Anti ta zagaya da shi baranda tana masa waƙa, idan ya fara neman nono da bakinsa surukar ta sa masa bayan yatsa ya tsotsa har barci ya sake ɗauke shi. Sun ƙware ƙwarai. Sai ya kai matakin da ya sandare, ya yi jajir, yana tsala ihu, sannan a ce to yanzu kam yunwa ce, a kai wa uwarsa. A lokacin ya fusata, ba ya iya buɗe baki yadda ya kamata, sai ya cafki kan nonon kawai ya datse. Kafin a je ko'ina wurin ya tsage har yana jini. Tana ba shi tana cije leɓe, hawaye na zuba, su kuma don tausayi sai su ce ya isa haka, kawo shi ki huta.

A falo kuwa an buɗe shari'a. Gwaggo ta ce matan dangin marigayiya dama nononsu tsinkakke ne, ba ya riƙe ciki. Anti ta ce ƙarya ne, su a gidansu har na maƙwabta suke shayarwa, a duba dai ɓangaren uban yarinya, mutanen da ko dariya ba su da wadatarta. Surukar kuwa sai ta aiki ɗanta ya sayo madarar gwangwani ta ajiye a saman firji inda kowa zai gani. Ni da aka tambaye ni na ce ban da masaniya, ban taɓa shayar da kowa ba.

Ranar awo nas ta ɗora shi a sikeli, ta duba, ta sake dubawa. Ta ce kowane jariri yana ɗan raguwa bayan haihuwa, amma wannan ya ragu fiye da kima kuma bai fara dawowa ba. Ta ce a komo da shi ƙarshen mako, idan bai ɗaga ba za a ba shi gado. Ita ce ta ba mu lambar Yaya. Muna fitowa, 'yata ta tsaya a jikin bango ta bar sauran suka yi gaba.

"Baba," ta ce, "da Umma na nan da ta san abin da ya same ni. Ni ko ɗana na kasa ciyarwa."

Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, ciki har da waɗanda ba su cancanci takardar da aka ɓata a kansu ba, amma babu ko ɗaya da ya koya mini wannan. Na kira lambar.

Washegari da hantsi Yaya ta hau matakalar benen tana hutawa a hanya. Ta gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiya, ta yi barka. Anti ta miƙa mata jariri, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, sai ta ce a bari tukuna, hannunta da ƙurar mota. Ta je ta wanke hannu ta dawo, aka sake miƙa mata, ta ce ai yana hannu mai kyau. Ta zauna ta karɓi ruwa tana sha a hankali, tana jin shari'ar nonon dangi daga bakin ɓangarorin biyu, tana gyaɗa wa kowacce kai. Na fara tunanin an haɗa mu da 'yar zaman hira. Ashe yaron take kallo. Yana kafaɗar Gwaggo, idonsa a rufe, yana lasar leɓe, yana juya kai yana goga baki a wuyanta, can ya kai dunƙulen hannunsa baki.

"Gwaggo, me yake nema a wuyanki?"

Gwaggo ta yi murmushin jin daɗi ta ce turarenta yake so, duk gidan ita ya fi sabawa da ita.

"Yana son ki kam, ga alama nan. Amma abin da yake nema ba ke ke da shi ba. A kai shi wurin mai shi."

Gwaggo ta ce ai bai yi kuka ba.

"Kuka shi ne maganarsa ta ƙarshe," in ji Yaya. "Tun ɗazu yake sallama, ba a amsa masa ba."

Abin da ya faru a cikin ɗaki ban gani ba, 'yata da mijinta ne suka ba ni labari, kowa daban, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Yaya ta ce a cire wa yaron riga a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su da tawul. Ta ciro 'yar tsanarta ta nuna a jikinta yadda za a yi: cikin yaro ya fuskanci cikin uwa, hancinsa ya yi daidai da kan nono, a jira ya wangale baki kamar mai hamma, sannan a jawo shi gaba ɗayansa zuwa jiki, haɓarsa ta fara taɓawa, kada uwa ta sunkuya ta kai masa. Da ta gama sai ta ajiye 'yar tsanar, ta jawo kujera kusa da gado, ta zauna, ta cusa tafukan hannayenta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta.

'Yata ta gwada, yaro ya kama baki kaɗan, ta yi ƙara. Yaya ta ce ta sa ɗan yatsanta a gefen bakinsa ta zare shi a hankali, kada ta ja. Ta sake gwadawa, ya kauce. Ta sake, ya fara ɓata rai. Gumi ya jiƙe mata wuya.

"Yaya, don Allah ki sa mini shi mana. Ke kin iya."

Surukina ya ce yana kallo kafaɗun Yaya suka motsa, kamar hannayen za su fito da kansu, ta ƙara danne su.

"In na sa miki shi yau, gobe sai kin jira ni. Ni kuma motar layinku ba ta da tabbas. Sauke kafaɗarki. Ja numfashi. Ba jarrabawa ba ce, shi ma yau ya fara koyo."

'Yata ta yi dariya cikin hawaye, kuma ina jin dariyar ce ta sassauta mata jiki. Yaro ya ɗaga kai, ya buɗe baki sosai, ta jawo shi. Ta ce ta runtse ido tana jiran zafin da ta saba, sai ta ji ja kawai, mai ƙarfi, ba ciwo. Yaya ta ce wa mijin ya matso.

"Kai da kake gane ciwon firji da kunne, kawo kunnen nan kusa ka gaya mana abin da ka ji."

Ya durƙusa a bakin gado ya kara kunnensa kusa da wuyan ɗansa. Ya daɗe a haka. Sai ya ɗago ya ce, a hankali kamar mai tsoron kada ya kore shi, "Yana haɗiya." Yaya ta ce to wannan ƙarar ita ce aikinsa daga yau, duk lokacin da matarsa ta yi shakkar ko akwai nono, shi zai saurara ya ba ta labari. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa jimla uku a jere ba ya fito falo yana ba kowa bayanin yadda haɗiya take, har da kwaikwayo.

Na yi zaton daga nan za ta kori matan uku, kuma na shirya jin daɗin kallo. Ba ta ba ni wannan damar ba. Ta fito ta zauna a tsakiyarsu ta ce yarinyar nan ta yi sa'ar iyaye, gidaje da yawa da take shiga mai jego ita kaɗai ce da bango. Ta ce nono yana ƙaruwa ne da yawan tsotso, duk sa'ar da yaro ya yi a kafaɗar wani, jikin uwar yana ɗauka ba a buƙatarsa. Saboda haka yaro zai zauna wurin uwarsa, su kuma za su ɗauke mata duk sauran duniya. Gwaggo ta riƙe kicin. Anti ta riƙe wanki da shara. Surukar ta zauna kusa da gado da kofin ruwa da matashin kai, duk lokacin da yaro ya kama ta miƙa wa uwar ta sha. Miji shi ne mai sa gyatsa da canza nafkin, ya kuma lura da yawan jiƙewarsu, don ta nan ake gane abin da ya shiga. Madarar gwangwani kuma ta ce a bar ta inda take, ba abokiyar gaba ba ce, idan nas ta ce a ƙara da ita za a ƙara ba tare da kunya ba.

Sannan ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, wannan fuskar taka Allah bai yi ta a banza ba. Na daɗe ina neman irinta."

Ta sa aka ajiye mini kujera a bakin ƙofar falo, daura da kicin. Aikina shi ne baƙi. Duk wanda ya zo barka ya gaisa, ya yi addu'a, idan uwa ta yarda ya leƙa ya gani, amma ba a ɗaukar yaro kuma ba a zama. Tun da na bar aiki ba a taɓa ba ni muƙamin da ya dace da halina kamar wannan ba. Wata maƙwabciya ta ce ita fa ba ta barin gidan haihuwa sai ta ji nauyin jariri a hannunta, na ce mata nauyin ne muke tarawa, ta dawo idan ya taru. Abokan surukina suka zo su biyar da niyyar kallon ƙwallo, na tambaye su ko wanne ne a cikinsu ya iya wanke tukunya, suka tuna suna da uzuri. Ƙanwar surukar ta ce za ta kai ƙarata, na nuna mata Gwaggo na ce ga babbar kotu can tana yanka albasa.

Kada wani ya ɗauka daga ranar komai ya miƙe. Kwana biyu bayan haka nono ɗaya ya kumbura ya yi tauri, gefensa ya yi ja, jikin 'yata ya ɗau zafi. Anti ta kawo shawarwari, surukar ta kawo nata. Yaya ta duba ta ce wannan ya wuce iyakarta, a tashi a je asibiti yanzu, kuma ta bi su da gwiwoyin nan nata. Aka duba, aka ce hanyar nono ce ta toshe, an zo da wuri, aka ba da magani aka ce ta ci gaba da ba shi ta wannan ɓangaren. Na sha ganin mutanen da ƙaramin sani ya sa suke jin kunyar cewa abu ya fi ƙarfinsu. Yaya ta faɗe shi kamar mai faɗin ƙarfe nawa.

Matsala ta biyu yayata Gwaggo ce. Da yammacin ranar na ga ta fito da jakarta ta ajiye a ƙofar kicin. Ta ce ita da ta raini yaran da sun isa cika aji, yau wata baƙuwa ta mayar da ita kuku a gidan 'yar ƙaninta. Na ce mata girkin ma ai ba wani abin kirki ba ne, ta ce in rufe mata baki, tun ina yawo ba wando ta san ni. Yaya ta bi ta kicin, ta ɗauki wuƙa ta fara taya ta gyaran kayan miya, ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Kujerata tana kusa, kuma aikin mai gadi ya haɗa da ji. Yaya ta tambaye ta yadda ta yi da ɗanta na fari. Gwaggo ta ajiye albasar da ke hannunta. Sai ta ce ita ma haka nonon ya tsage mata, wata guda tana cusa gefen zane a baki kafin ta ba shi, kuma babu wanda ya taɓa ce mata akwai wata hanya, ce mata aka yi haka uwa take. Ta ce duk lokacin da ta ga yarinyar nan ta cije leɓe sai ta ji abin a nata jikin, shi ya sa take ɗauke yaron.

Shekara nawa muna tare da matar nan, ban taɓa jin wannan ba.

Yaya ta ce mata to ta shiga ta gaya wa 'yarta haka, don yarinyar tana can tana ganin ita kaɗai ce mace da ta taɓa kasawa. Gwaggo ta wanke hannu ta shiga. Sun daɗe a ciki, na ji kuka, daga baya na ji dariya. Jakar kuma ni na mayar da ita ɗaki, ba wanda ya sake maganarta.

Ranar komawa awo gidan gaba ɗaya ya ce zai je. Muka cika bencin asibiti kamar masu jiran sakamakon zaɓe. Nas ta tuɓe shi ta ɗora a sikeli, shi kuma ya yi mata fitsari a hannu don kada ta raina shi. Ta duba, ta dubi katinsa, ta ɗago kai ta ce me muke ba yaron nan. Gwaggo ta buɗe baki, Anti ta buɗe baki, amma 'yata ta riga su.

"Ni nake ba shi."

Nas ta ce to ta ci gaba, ya ɗaga sosai, babu maganar gado. Surukina ya juya ya fuskanci bango yana karanta wata sanarwar rigakafi da ya riga ya karanta. Yaya ba ta wurin, tana wani gida. Da 'yata ta kira ta tana magana tana shessheƙa, sai Yaya ta ce madalla, ta sha ruwa, za ta leƙo jibi, yanzu tana da wata a gabanta. Ta kashe waya.

Yaya, ke ce wadda kika iya abu, kika ga ana fama da shi a gabanki, kika hana hannunki. Na san wannan ya fi yi wuya, don na ga manyan malamai da ba su iya ba. Ke ce kike shiga gida a lokacin da kowa ya gaji, kowa yana zargin kowa, ki fito ba ki kayar da ko mutum ɗaya ba. Yayar masu jego, mai fita ba a lura ba. Yaran da kika zauna wa suna nan sun cika makarantu da kasuwanni, wasu sun yi gemu, babu wanda ya san fuskarki a cikinsu, kuma na lura hakan bai dame ki ba. 'Yata ta rasa uwa, ba ki ce za ki zame mata uwa ba. Kin bar ta ta zama uwar da kanta. A madadin wadda ba ta nan, wadda da ita ce za ta faɗa miki wannan da kalmomin da suka fi nawa taushi, na gode. Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya sa hutun ya karɓe ki, ko da yake ina shakkar za ki iya shi.

Ku kuma masu karatu, ba sai kun yi kwas ba kafin ku ɗauki wani abu daga matar nan. Idan kun je gidan da aka haihu, ku bar yaro a jikin uwarsa, ku duba ko akwai kwanukan da ba a wanke ba. Ku tambayi mai jego yadda take kafin ku gaya mata yadda kuka yi a zamaninku. Matasan matan da ke neman aikin da zai amfani mutane, ga gurbi nan zai buɗe ƙarshen shekara, ku je ku same ta tun tana iya hawa bene ku koya. Maza kuma ku sani akwai abin yi a ɗakin nan, ko da kunne ne kawai kuke da shi.

Jiya 'yata ta kira ni tana mita. Ta ce yaron nan ya ishe ta, ba ya barin ta ko wanka ta yi a natse, ya yi nauyin da hannunta na hagu ya fara ciwo, kayan da aka saya masa duk sun matse shi, wai ni da na karanta komai in gaya mata yadda za ta yi da shi. Na ce mata ban sani ba. Na ajiye wayar, na zauna ni kaɗai a falo ina dariya, har maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaya ko lafiya.